Ɗaci da ƙamshin hof: yadda ake ɗanɗana su da abin da ke kashe su

Duk wanda ya taɓa shan lemon malt mai sanyi ya ji wani ɗan ɗaci can ƙarshen maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce, to ya riga ya gaisa da hof ko da bai san sunansa ba. Juya gwangwanin ka karanta jerin kayan haɗi, sau da yawa za ka tarar an rubuta hops wajen ƙarshe. A lemon malt ɗan mitsitsi ake sawa, don kada zaƙin ya gundiri mutum. A giyar da ake kira IPA kuwa, wadda ƙananan masana'antun Amurka da Turai suka yi suna da ita, hof ne ango, tsiron hatsi (malt) da yis 'yan rakiya ne kawai.

Shi hof ɗin kansa furen wata shuka ne, babu barasa a cikinsa ko ɗigo. Saboda haka wanda ba ya shan giya, kamar mafi yawanmu, yana da hanyar sanin ɗanɗanonsa, kuma zan zo kanta. Amma kafin nan akwai abu guda da ya kamata a riƙe, domin a kansa komai ya rataya: ɗacin hof da ƙamshinsa daga fure ɗaya suke fitowa, amma ba abu ɗaya ba ne. Wuta ce ke haifar da ɗacin, ita ce kuma ke korar ƙamshin. Ɗacin yana jimre watanni, ƙamshin kuwa makonni kaɗan ya ishe shi ya tafi.

Hof yaɗo ne mai hawa, sunansa na kimiyya Humulus lupulus, kuma danginsa ɗaya da tabar wiwi, sai dai ba ya da sinadarin da ke bugarwa. Manoma suna kafa dogayen turaku su ja waya a sama, tsayin mita 5 zuwa 7, yaɗon ya bi igiya ya hau. Macen aka fi shukawa, domin furenta ake so, wani kore mai ɓawo-ɓawo kamar ƙaramar abarba da ba ta wuce girman babban yatsa ba. Yana son ƙasar da yini ke tsawo da bazara kuma hunturu ke da sanyi na gaske, wato tsakanin layi na 35 da na 55 daga tsakiyar duniya. Kano tana kan na 12, shi ya sa ko an shuka shi a nan ba zai yi abin kirki ba. Manyan gonakinsa suna kwarin Yakima a jihar Washintan, inda kusan kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka ke fitowa, da yankin Hallertau a kudancin Jamus, da Žatec a ƙasar Cek, da Kent a Ingila. A kudancin duniya akwai Niyu Zilan da Ostireliya, da ɗan yanki kusa da garin George a Afirka ta Kudu. A arewa ana girbi daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a busar da furen nan take har danshinsa ya sauko zuwa kashi 8 ko 10 cikin ɗari, in ba haka ba ya ruɓe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Idan ka tsaga furen za ka ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin ɓawon. Lufulin ke nan, kuma duk kuɗin yana cikinsa. Kashi biyu ne a ciki: ƙaro, wanda ke ɗauke da asid alfa, da kuma mai mai ƙamshi wanda da ƙyar yake kai kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin busasshen fure.

Asid alfa a yadda yake ba ya narkewa sosai a ruwa kuma ɗacinsa kaɗan ne. Sai an tafasa shi siffarsa ke juyawa ya zama mai narkewa, mai ɗaci. Wannan juyawar tana cin lokaci, shi ya sa masu dafa giya ke zuba hof na ɗaci tun farkon tafasa su bar shi minti 60. Ko da haka, abin da ke isa cikin kofi bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na asid ɗin ba. Ma'aunin ɗacin shi ne IBU, kuma ɗaya yana daidai da kimanin miligiram 1 na juyayyen asid a lita guda. Lissafin mai sauƙi ne. A ce tukunyar lita 20 ce, an zuba giram 30 na hof mai asid alfa kashi 12. Asid ɗin ya zama miligiram 3,600. Kashi ɗaya cikin huɗu ya juya, wato 900. Raba gida 20, ka samu IBU 45. Da a ce waɗannan giram 30 ɗin a minti 5 na ƙarshe aka zuba su, da ɗacin bai wuce IBU 9 ko 10 ba, amma da ƙamshin ya zauna.

Man ƙamshin halinsa akasin haka ne. Mafi yawansa mirsin ne, mai ƙamshin ɗanyen ganye da ƙaro, kuma da ya ji tafasa yake bin tururi. Akwai linalul mai ƙamshin fure, da jeraniyol mai kama da wardi, da wasu 'yan sinadarai masu farar wuta a jikinsu waɗanda ba su da yawa ko kaɗan amma su ke kawo ƙamshin gwaiba da mangwaro. Don a tsare su ake zuba hof a matakai. Akwai zubin bayan sauke wuta, lokacin da ruwan tsiron ya huce zuwa digiri 75 ko 80, a bar shi minti 20 zuwa 30. Akwai kuma zubin sanyi, wanda ake yi cikin tanki bayan yis ya gama aikinsa ko yana dab da gamawa, a bar shi kwana 3 zuwa 5. Zubin sanyi a IPA ta gargajiya yakan kai giram 4 zuwa 8 a kowace lita. A IPA mai hazo, wato wadda ba garau take ba, ana wuce giram 10.

Tarihin ba sai an daɗe a kansa ba. Rubutu na farko da ya haɗa hof da dafa giya ya fito daga wani gidan ibada a Corbie ta Faransa a shekarar 822, kuma dokar Bafariya ta 1516 ta ambace shi cikin abubuwa uku da aka yarda a sa. Abin da ya sa ya kori sauran ganyaye shi ne juyayyen asid ɗin yana hana ƙwayoyin da ke tsamar da abu yaɗuwa. Kwatanta da burukutu da fito na dawa, waɗanda ba su da hof: da tsaminsu ake haifarsu, kuma kwana ɗaya ko biyu sun wuce sha. A Habasha ganyen gesho ke yin wannan aikin. Ita IPA daga giyar da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya ta samo suna, tafiyar wata 4 zuwa 6, farko daga masana'antar Hodgson a Landan, daga baya daga garin Burton a shekarun 1820, inda ruwan rijiyoyi ke da ma'adinin salfet mai yawa wanda ke sa ɗaci ya fito a bushe, tsaf.

IPA ta yau kuwa 'yar Amurka ce, kuma uwarta irin hof ɗin da ake kira Cascade, wanda shirin binciken gwamnati a Oregon ya fitar a 1972. Manyan kamfanoni a lokacin sun fi son hof na Turai mai ladabi, ƙamshin garehul (wani babban lemo mai ɗaci-ɗaci) da fure na Cascade ya yi musu tsiwa. Kamfanin Anchor na San Faransisko ya yi Liberty Ale da shi a 1975. A 1980 Ken Grossman ya fara dafa Sierra Nevada Pale Ale a garin Chico na Kalifoniya, barasa kashi 5.6, IBU 38, kuma har yau ita masu koyon ɗanɗano ke ɗauka a matsayin ma'auni. Daga baya aka samu wasu nau'o'in hof: Centennial a 1990, Simcoe a 2000, Citra wajen 2008, Mosaic a 2012. Ni dai har yanzu ina bayan Cascade. Citra tana da ƙarfi, tana cika ɗaki da mangwaro, amma da an yi kuskure kaɗan sai ta koma albasa. Cascade ba ta ihu, kuma mai koyo yana iya rarrabe sassan ƙamshinta ɗaya bayan ɗaya: ɓawon garehul a gaba, fure a tsakiya, ɗan ƙaro a baya.

Salo biyu ne suka raba masoya abin. Na gaɓar yammacin Amurka garau yake, launin zinariya, a bushe, ɗacinsa IBU 40 zuwa 70, ruwansa an ƙara masa salfet. Mai hazo, wanda giyar Heady Topper ta masana'antar The Alchemist a jihar Bamont ta yi wa jagora, yana da alkama da hatsin ot a ciki, ruwansa kuloraid ya fi yawa, kusan duk hof ɗinsa a ƙarshe da kuma a sanyi ake zuba shi. Shi ya sa yake da laushi a baki, ƙamshi fal, ɗaci kaɗan. Shi ne kuma mafi saurin mutuwa.

Yanzu ɗanɗanon kansa. Matakan nan ɗaya ne ko IPA ce a gabanka, ko marar barasa, ko ruwan hof.

Fara da zafi ko sanyin abin. Firij yana kan digiri 3 ko 4, kuma a wannan sanyin ƙamshi a kulle yake, harshe ma ya ɗan mutu. Abin da ake so digiri 7 zuwa 10. A ƙasar sanyi sukan ce a ajiye gwangwani minti 10 a kan tebur, amma a zafinmu minti 3 ko 4 sun isa. Kada a sa ƙanƙara, kada a daskarar da kofi.

Kofin ya zama na gilashi mai ciki da ɗan tsukakken baki, don ya tara ƙamshi. Tsabtarsa ta fi siffarsa muhimmanci. Maiƙo, ko na miya ko na man leɓe ko ragowar sabulu, yana kashe kumfa nan da nan, kuma kumfar nan ita ke riƙe ƙamshi tana sakinsa a hankali. Alamar kofi mai datti ita ce ƙananan kumfa su manne a jikin gilashin daga ciki. A ɗauraye da ruwan sanyi kafin zubawa, kada a goge da tsumman kicin. A karkata kofin a zuba rabi ta gefe, sannan a miƙe shi a zuba sauran a tsakiya har kumfa ta kai faɗin yatsu biyu. Masu tsoron kumfa suna lallaɓawa su zuba ba kumfa ko kaɗan, sai iskar ta tafi cikinsu ta kumbura su, ƙamshin kuma ya zauna a kulle.

Hanci kafin ido. Mutane sukan tsaya kallon launi, alhali mafi sauƙin ƙamshin yana tashi ne a daƙiƙun farko. Shaƙa gajere sau biyu ko uku, ba dogon ja ba, domin dogon ja yana busar da hanci ya gajiyar da shi. Sannan rufe bakin kofin da tafin hannu, juya shi kaɗan, buɗe, ka sake shaƙa. Wannan na biyun yakan fito da abin da ke ƙasa: gardin tsiro, ko wani aibi da ke ɓoye. Idan hanci ya daina jin komai, shaƙi hannun rigarka ka huta minti ɗaya. Turare a jiki ko hayaƙin turaren wuta a ɗaki yana ɓata aikin gaba ɗaya.

Bayan nan kalli launi. Zinariya ko ruwan lemo mai haske alamar lafiya ce. Mai hazo da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka iska ta riga ta shige shi, ba sai an kai baki ba.

Kurɓi kamar cokalin cin abinci guda, ka bar shi ya zagaya baki daƙiƙa 3 zuwa 5, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne rabin ɗanɗanon yake, domin ɗumin baki ya tayar da man ƙamshin ya bi ta bayan ganɗa zuwa hanci. Masu ɗanɗana ruwan inabi sukan tofar, masu ɗanɗana hof ba sa yi, saboda ɗacin ba ya nuna halinsa sai bayan haɗiya. Ƙirga zuwa 30. Ɗaci mai kyau yana hawa, ya tsaya, ya sauka, ya bar baki a bushe yana neman wani kurɓin. Marar kyau yana maƙalewa a maƙogwaro kamar an tauna ƙwayar magani.

A nan ne masu koyo ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ɗaci ɗanɗano ne, irin na shuwaka ko gauta. Bauri kuwa ji ne, wannan ɗaurewar baki da dasashi da goro ke yi. Baurin daga ɓawon fure da na hatsi yake zuwa, ba daga asid alfa ba, kuma idan ya yi yawa aibi ne. Tambayi kanka kowane lokaci: harshena ne ke jin ɗaci, ko bakina ne ya ɗaure?

Kada lambar IBU da ke jikin gwangwani ta ruɗe ka. Zaƙin da ya rage yana rufe ɗaci. Baƙar giya mai kauri da ke da IBU 50 tana iya zama mafi sauƙi a baki a kan busasshiya mai 35. Bayan haka, daga wajen 80 zuwa 100 harshe ba ya ƙara rarrabewa sosai, don haka gasar manyan lambobi da aka taɓa yi talla ce. Idan abin ɗanɗanawa ya fi ɗaya, a fara da mai sauƙi a ƙare da mai ɗaci, a sha ruwa a ci ɗan burodi marar zaƙi a tsakani. Ɗaci yana taruwa, kofi na uku kullum ya fi na farko ɗaci ko da abu ɗaya ne.

Maganar abinci a taƙaice: ɗaci da iskar gas suna yanke maiƙo, don haka soyayyen nama ko kifi suna tafiya da shi. Barkono kuwa ba ya jituwa da shi. Yajin tsire da ɗacin hof kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta.

Aibobi su ne inda aka fi koyon abu, kuma uku daga cikinsu ba laifin mai dafawa ba ne, laifin hanya ne da ajiya.

Na farko haske. Idan hasken rana ko na doguwar fitilar shago ya bugi juyayyen asid ɗin, yana karyewa ya haɗu da farar wuta ya haifar da wani sinadari mai warin bodari. Hancin ɗan Adam yana kama shi ko da ɗigo ne a cikin tafki, kuma minti kaɗan a rana sun isa. Kwalba fara ba ta tare komai, koriya kaɗan take tarewa, ruwan ƙasa ta fi su, gwangwani kuwa ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu IPA suka koma gwangwani.

Na biyu iska. Iskar oksijin kaɗan da ta shiga lokacin ɗurawa tana cinye ƙamshin 'ya'yan itace da farko, ta bar wani zaƙi-zaƙi mai nauyi kamar tsohuwar zuma, daga ƙarshe kuma warin jiƙaƙƙen kwali. Na uku zafi, wanda ba ya kawo sabon aibi sai dai ya hanzarta na iska. Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi: kwana 3 a digiri 32 daidai yake da kwana 30 a digiri 22, daidai kuma da kwana 300 a firij. To auna gwangwanin da ya yi makonni cikin kwantena a teku, ya kwana a tashar Legas ko Kwatano, ya hau tirela zuwa Kano ko Yamai a watan Afrilu, ya zauna a shagon da wuta ke zuwa tana tafiya. Wanda ya fara sanin hof ta irin wannan gwangwanin zai ce ɗaci ne kawai da warin kwali, kuma gaskiyarsa. Duba ranar ɗurawa a gindin gwangwani, ba ranar ƙarewa ba. Wata 3 a sanyi shi ne iyaka ga na gaɓar yamma, mai hazo kuwa wata 1 zuwa 2. Wannan ma na cikin hujjar ƙananan masana'antun gida irin su Bature Brewery da ta fara a Abuja a 2017: hof ɗin dai daga waje yake zuwa, amma a rufe cikin leda, ba a narke cikin ruwa ba.

Sauran aibobin na tukunya ne. Warin tsohon cuku ko safa yana nufin hof ɗin da aka zuba ya tsufa a buɗe. Ɗanɗanon ciyawa na nufin zubin sanyi ya daɗe fiye da kima. Albasa da tafarnuwa sukan zo daga hof da aka makara wajen girbinsa. Ƙuna a maƙogwaro, wadda ke damun masu hazo, garin fure ne da bai gama kwantawa ba, kuma ita kaɗai ce aibin da kwanaki kaɗan a firij ke gyarawa. Akwai kuma wani mai wayo: furen hof yana ɗauke da sinadaran da ke farfasa ragowar sitaci su mayar da shi sukari. Idan an yi zubin sanyi aka yi gaggawar ɗurawa, yis ya farka cikin gwangwani, gas ya ƙaru, barasa ta ƙaru, sai ga ƙamshin man shanu da santsi a harshe. Warin asibiti ko na roba kuma kulorin na ruwan famfo ne.

Ga wanda ba ya shan barasa, hanya biyu ce. Ta farko IPA marar barasa, irin Run Wild ta kamfanin Athletic ko Punk AF ta BrewDog. Ana yin su ko dai ta cire barasar bayan an gama, da ƙaramin zafi a tankin da aka zuƙe wa iska ko da matata mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi, ko kuma ta amfani da yis da ba ya iya cin yawancin sukarin tsiro. Rauninsu sananne ne: ba su da jiki, kuma sau da yawa ana jin ɗanyen tsiro kamar kunun da bai nuna ba. A nan fa a karanta lamba, kada a tsaya ga kalma. A Amurka da Jamus doka ta yarda a kira abu marar barasa alhali yana da har kashi 0.5 cikin ɗari, kuma waɗannan biyun da na ambata a wannan rukunin suke. Wanda ba ya son ko ɗigo sai ya nemi mai 0.0, ko ya bi hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ruwan hof ne, wanda ba a tsima shi da yis kwata-kwata: ruwa, hof, ɗan tsami, gas. Kamfanoni irin su Lagunitas da Sierra Nevada suna sayar da nasu, amma yinsa a gida ya fi, domin sabo ne.

Hof ɗin da ake samu a kasuwa yawanci niƙaƙƙe ne da aka dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar abincin kifi, cikin leda mai ƙyalli da aka zuƙe wa iska, giram 50 ko 100. Duba shekarar girbi. Da ka buɗe, murza ƙwaya biyu tsakanin tafukan hannu har su yi ɗumi, ka shaƙa. Kore mai ƙamshi shi ne lafiyayye, wanda ya koma rawaya-rawaya yana warin cuku a zubar. Sauran a matse iskar a ɗaure a sa wurin ƙanƙara. A kuma nisanta shi daga karnuka, sabo ko wanda aka tace, domin guba ne a gare su.

Ruwan ya zama marar kulorin, na gora ko wanda aka tafasa ya huce. Ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi yana jawo bauri ya sa ɗaci ya yi kaushi. A rabin lita zuba cokalin cin abinci 1 na ruwan lemon tsami tun kafin hof ya shiga. Tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne: yana rage bauri, yana kuma hana ƙwayoyin cuta sakewa a abin da ba shi da barasa ko wani abin kariya. Mai takardar gwajin tsami ya nemi lamba 4 ko ƙasa da haka. Auna giram 5 na hof da ƙaramin sikeli, kada a yi da ido, domin bambancin giram 5 da 8 a nan babba ne. Zuba, rufe kwalbar, sa a firij awa 8 zuwa 12. Tace da farin ƙyalle mai tsabta ba tare da matsewa ba, matsa ita ke kawo ciyawa da ƙuna. Bar shi ya kwanta awa 1, tsiyaye na sama. Wannan mai kauri ne: kashi 1 nasa, kashi 3 na ruwan soda mai sanyi, a zuba sodar a hankali. Jimla lita 2 ke nan, kimanin giram biyu da rabi a kowace lita.

A sha cikin kwana 2 ko 3, a firij kullum. Kada a zuba sukari ko zuma a toshe kwalba a ajiye: yis na iska zai kama, barasa ta samu, kwalbar ma tana iya fashewa. Mai son zaƙi ya sa a kofi lokacin sha.

Wanda ya ji na sanyin ya yi masa salam zai iya bin hanyar ɗumi. Kofi 2 na tafasasshen ruwa da kofi 1 na ruwan randa suna ba da kusan digiri 75. Jiƙa hof ɗin minti 15 a rufe, tace, tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara ta huce da sauri. Idan zafin ya haura 80 ko lokacin ya zarce, asid ɗin zai fara juyawa sosai, kuma tunda babu tsiro da zai tare shi, ɗacin zai fito tsirara.

Gwajin da ya fi kowane bayani shi ne na kofi uku. Giram 1 na Cascade a kowane rubu'in lita. Na farko a tafasa shi minti 30 ana cika ruwan da ya ƙone. Na biyu a jiƙa shi minti 15 a digiri 75. Na uku ya kwana a firij. A tace, a kawo su sanyi ɗaya, a jera su a kofuna iri ɗaya, a fara shaƙa duka ukun kafin a kai ko ɗaya baki. A ɗanɗana daga na uku zuwa na farko, domin idan aka fara da tafasasshen harshe ba zai ƙara jin sauran ba sai bayan rubu'in awa. Mai hof iri biyu ya maimaita na sanyin da Citra a gefe, amma ya rage ta zuwa rabin giram, don man da ke cikinta ya ninka na Cascade.